Wasan da Ya Tsaya a Zagaye na Bakwai

Janairu, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Reino,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan jikin yana ƙara sauƙi, hannun daman kuma ya fara jin magana. Ina 'yarka Kaisa da maigidanta da yaran, duk suna lafiya? Mu nan dusar ƙanƙara ta kai tagar kicin, tabki ya daskare har inda ido ke iya gani. Na san kana can Arizona kana kewar wannan sanyin, ko da yake ba za ka yarda ba.

Kaisa ta ce waya tana gajiyar da kai, kalmomi suna maƙale maka sai ka ji haushi, amma karatu kana yi lafiya lau. Shi ya sa na koma takarda. Ba sai ka ba ni amsa ba, ka karanta kawai, don ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke damuna.

Yaya, kulob ɗinka na wasan karta yana neman fin ƙarfina. Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya kwantar da kai aka ce in riƙe maka kujerar darakta, na amsa ne don ina zaton abin na 'yan makonni ne. Yanzu ga shi duk ranar Talata ni ke jan ragamar wasan.

Kaisa, in ke ce kike karanta masa, na san kin sha cewa ba ki taɓa gane abin da babanki ke yi a ɗakin ƙasa na coci ba. To ga shi a taƙaice. Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu. A kulob ba a sake cakuɗa karta. Rabon da aka yi sau ɗaya ana mayar da shi cikin wani ɗan allo mai aljihu huɗu, allon ya bi teburori, kowa ya buga karta iri ɗaya, a ga wanda ya fi iya sarrafa ta. Tebur tara gare mu. A kowane tebur mutum biyu suna zaune ba sa motsi, biyu kuma suna tashi su matsa tebur na gaba in an gama allo uku. Wannan shi ne zagaye ɗaya. In an yi zagaye tara, masu tashi sun ziyarci kowane tebur ke nan. Aikin darakta ya ce a tashi, ya raba gardama, ya ga an gama a kan lokaci. Na ƙarshen nan ne ya gagare ni.

Ka san bas ɗin tsofaffi ba ya jira, matan coci masu rabon abinci kuma suna son ɗakin da yamma. Makon jiya muna tsakiyar zagaye na ƙarshe direba ya leƙo, mutum uku suka ajiye karta suka bi shi. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da alluna a hannu ban san inda zan kai su ba, matan coci kuma suna bakin matakala da kwalayensu suna kallona.

Na san inda jinkirin yake, kowa ma ya sani. Kyaftin Ambrose Beaudoin ne da matarsa Odile. Kai ka san shi da sauri, mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa jirgin dakon ƙarfe a tabkin nan, wanda kan jefa karta tun kafin ka gama zama. Yanzu sai ya riƙe karta ɗaya yana kallonta kamar baƙuwa. Su masu tashi ne, don haka duk inda suka maƙale sai layi ya taru a bayansu, kamar motoci a bayan motar share ƙanƙara. Na yi masa tayin kujerar zama, ya gyara ɗaurin wuyansa ya ce kujerar zama ta masu sanda ce, shi ƙafarsa ƙalau take.

Lorraine Trezise kuwa ba ta rage min komai. Da ƙarfi take cewa wasu wasa suka zo, wasu barci. Ba na ganin laifinta gaba ɗaya. Maki kaɗan ya rage mata ta kai matsayin gwanaye da take bi tun rasuwar mijinta, ga idonta yana dushewa, har sai ta kai karta kusa da hanci. Ta ɗora ranta a kan gasar musamman ta wata mai zuwa, wadda makinta ya fi na kullum.

Ina tunanin in rage wasan zuwa zagaye takwas, amma ban san yadda zan fuskance su da maganar ba. Kai yaya ka yi duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin muryarka ta yi rawa?

Ka gaida kowa. Ka riƙa yin motsa jikin da likita ya ce, kada ka yi musu taurin kan nan namu na gida.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Irja

Fabrairu, ranar Alhamis

Yayana Reino,

Gaisuwa da fatan kana samun sauƙi. Katinka ya iso. Na daɗe ina kallon kalmomi ukun nan da ka rubuta da hannun hagu, "Takwas ya isa," sun karkace kamar na ɗan makaranta, har sai da na share hawaye. Na gode. Ka gaya wa Kaisa Allah ya yi mata albarka.

Na kai maganar gaban kwamiti, ban yi nasara ba. Gordon Pellow, wanda ka san tun da aka ba shi shugabanci yake jin kulob ɗin gadonsa ne, ya ce tun kafin in iya riƙe karta tara ake yi. Wai in aka rage ɗaya, kowane mai tashi zai tsallake tebur guda, wani ya tsallake gwanaye, wani ya tsallake 'yan koyo, sa'a ta shigo cikin abin da ake taƙama da cewa babu sa'a a cikinsa. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Ya ƙara da cewa maganin jinkiri ba rage wasa ba ne, a gaya wa mai jinkirin ya zauna a gida. Ba wanda ya ambaci suna, ba kuma wanda ya kalli wani. Ya kuma gayyato baƙi daga kulob ɗin garin da ke hayin tsauni don gasar. Ya tuna min cewa ƙa'idar gasar ba ta karɓar abin da ya gaza zagaye takwas, in an gaza makin kowa ya tafi a banza.

Yaya, daga nan zuwa ƙasa kai kaɗai za ka karanta. Kada ka ba Kaisa.

Shekaranjiya Odile ta zo gidana da burodin kirfa a hannu, alhali ba ta taɓa taka ƙofata ba. Ta zauna ba ta cire kwat ba. Ta ce likita ya tabbatar musu tun kaka cewa Ambrose ciwon mantuwa ne ke cin sa. Ba ta gaya wa kowa ba, har ɗansu da ke Milwaukee, don ta san ranar da ya ji, ranar zai fara nema wa ubansa gado a gidan kula da tsofaffi. Ta ce a gida yakan manta inda banɗaki yake, amma ranar Talata da kansa yake tashi ya aske gemu ya zaɓi ɗaurin wuya. A teburin karta kaɗai take sake ganin mijinta. Abu ɗaya ta roƙe ni, in bar shi ya kai ranar gasar, don ita ce suka taɓa ci tare, ita ce kuma bai manta ba. Bayan gasar, ita da kanta za ta san dabarar da za ta janye shi.

"Irja, kada ki bari garin nan ya yi masa kallon tausayi," in ji ta. "Zai gane, kuma shi ne zai kashe shi."

Na yi mata alkawari. Tun da ta fita nake tambayar kaina ko na yi daidai. Ga amanar Odile, ga haƙƙin mutum talatin da wani abu da za su zo su yi wasa na gaskiya, ga idon Lorraine da ba zai jira wata shekarar ba. Gaba kura, baya sayaki.

Na jera kofuna tara a teburin kicin, cokula su ne masu tashi, ina ta matsar da su ina gwada yadda zan yi in lokaci ya ƙure. Dabarata ita ce in fara da wuri, in tsaya kusa da teburinsu, in na ga sun maƙale in ɗauke musu allo ɗaya ba tare da hayaniya ba. In abin ya ƙi, in yanke a takwas, Gordon ya yi ta faɗansa, makin dai ya shiga. Cokula suna bin umarni. Mutane ne ban sani ba.

Ka yi min addu'a.

Taka,
Irja

Fabrairu, ranar Laraba

Yayana,

Ina fatan ka tashi lafiya. Wannan ma taka ce kai kaɗai.

Na ɓata gasar, Yaya. A zagaye na bakwai na tsayar da ita.

Bari in faɗa maka tun daga farko. Rana ta fito tas jiya, hanya a share, baƙin Gordon suka iso da fara'arsu da tiren kek. Tebur tara suka cika cif. Na sa aka bar manyan rigunan sanyi a sama kamar kullum, aka ajiye kofi da kek ɗin a zauren sama don ci bayan wasa. Ambrose ya shigo cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya sunkuya min ya ce, "Ranki ya daɗe, darakta." Har na ji hankalina ya ɗan kwanta.

Zagaye huɗu na farko kamar mafarki. Bai yi jinkiri ba ko kaɗan, har na ga ya ci wani hannun karta mai wuya, baƙon da ke gefensa yana jinjina masa kai. A na biyar ya fara tsayawa. A na shida na ɗauke musu allo ɗaya, na ce za a ba su matsakaicin maki, ba wanda ya lura sai Gordon da ya ɗago ya dubi agogo. Na leƙa kwamfuta na ga Lorraine da abokiyar wasanta Faye sun yi wa kowa nisa. Na ce a raina, zagaye biyu kawai, ya Allah, ka kai mu takwas.

A na bakwai su Beaudoin suka iso teburin Lorraine, can kusurwa kusa da injin ɗumama ɗaki. Sauran teburori suka gama, mutane suka fara tura kujeru baya suna jiran in ce a tashi. Na nufi kusurwar don in hanzarta su. Sun gama allunansu uku, amma ba wanda ya motsa. Faye tana rubuta maki. Lorraine ta kafa ido a kan bango. Odile ta kama hannun rigata ta jawo ni kamar za ta tambaye ni wata doka, ta ce a kunnena, "Ba zai iya tashi ba."

Na zaci ƙafarsa ce ta riƙe. Sai na bi idonta na dubi ƙasa. Yaya, fitsari ne ya kufce masa. Wandon mai haske ne, ya jiƙe har gwiwa, har ya taru a ƙarƙashin kujera. Shi kuwa yana zaune a miƙe, hannayensa biyu a kan tebur, yana kallon gaba. Ya sani. Da bai sani ba da abin ya zo min da sauƙi, amma kunnuwansa sun yi ja.

Ka san yadda abin yake. In na ce a tashi, dole ya miƙe ya ratsa tsakiyar ɗaki zuwa tebur na gaba, wasu kuma su zo su zauna a kujerarsa. Na yi tunanin in ce su biyun su zauna a wurin, amma to masu zuwa fa, ina zan kai su ba tare da duk ɗakin ya juyo ya kalli kusurwar ba? Na yi tunanin in ba da hutu, amma hutu yana nufin rabin mutane su tsaya suna yawo tsakanin teburori suna tambayar juna yadda aka buga hannu kaza. Duk wannan a cikin numfashi biyu ko uku. Kofunana da cokulana ba su koya min wannan ba.

Na koma gaba na buga ƙararrawa. Na ce wasa ya ƙare a nan, kowa ya bar alluna a inda suke, a hau sama a sha kofi yanzu, ina buƙatar ɗakin. Muryata ta fito kamar ta wata.

Nan take ɗaki ya ɗauka. Gordon ya miƙe ya ce ko na manta bakwai ba ta kai takwas ba, ko kuwa lissafin ne ya gagare ni. Wani baƙo ya tambaya ko gobara ce. Na ce ba gobara, hukuncin darakta ne, kuma ba zan yi bayani ba. Na je na tsaya a tsakanin kusurwar da sauran ɗakin ina nuna musu matakala kamar mai kora kaji. Gordon ya ce da yayana ne a nan da ba a ga wannan abin kunya ba. Wannan ta shige ni, don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Lorraine ce ta ƙarshe. Ta tashi a hankali, ta ɗauki jakarta, ta wuce ni ba ta dube ni ba. Har babban mayafin ulun da take rufe ƙafa da shi ta bari a kan kujera saboda fushi. Da ɗaki ya zama namu, Odile ta ɗauke shi ta ɗaura wa Ambrose a ƙugu, muka fita da shi ta ƙofar baya inda ake shigo da kaya, na kawo motarta bakin ƙofar. Sai da zai shiga mota ya tsaya ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "Na gode, darakta." Na dawo na goge wurin da kaina kafin matan coci su sauko.

Yanzu gari ya ɗauka. Wasu na cewa na rikice ne da lissafi na ɓoye, wasu na cewa ƙyashin Lorraine nake yi. Baƙin sun tafi ko kek ɗinsu ba su yanka ba. Gordon ya kira taron dukan 'yan kulob ranar Litinin, kuma ya ce za a rubuta ƙara zuwa ƙungiyar birij ta ƙasa. Kalma ɗaya in na faɗa duk za su yi shiru, kuma ita ce kalmar da ba zan iya faɗa ba. Ba kujerar ce ke damuna ba, wallahi da murna zan ajiye ta. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Lorraine. Na ƙwace mata abin da ta yi shekaru tana nema, yana tafin hannunta, kuma ba zan iya gaya mata dalili ba. Na ɗaga waya in kira ta na ajiye ya fi a ƙirga.

Kai da ka san abin da ake ji in jiki ya ci amanar mai shi a gaban mutane, ka gaya min, da akwai wata hanyar da ban gani ba?

Ƙanwarka,
Irja

Maris, ranar Talata

Yaya Reino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kafaɗar ta daina ciwo. Kaisa ta kira ni ta ce ka hana ta ganin takardata, ka kuma yini ba ka ci abinci ba. Don Allah kada damuwata ta koma kanka. Ga yadda aka ƙare.

Kwanakin kafin taron sun yi min tsawo. A kantin cefane matar Gordon ta gan ni ta juya keken cefanenta ta kauce. Odile ta kira ni tana kuka ta ce za ta zo ta faɗi gaskiya, na ce in ta zo to wahalar da muka sha ta tashi a banza, ta zauna a gida da mijinta.

An yi taron jiya a ɗakin wasan. Gordon ya yi dogon jawabi a kan mutuncin kulob da kunyar da aka ba shi a gaban baƙi. Ya nemi in yi bayani, na ce ina ba kowa haƙuri, amma abin da na faɗa ranar shi ne dai. Sai ya juya wajen Lorraine, ya ce tunda ita aka fi zalunta, ita ya kamata ta fara sa hannu a ƙarar.

Ta juyo ta fuskance shi. Sannan ta ce, "Gordon, wa ke kan gaba ranar nan, ni ko kai?" Ya ce ita ce. Ta ce, "To ni ce mai asara, kuma ban kai ƙara ba. Kai da kake na biyun ƙarshe, me aka ƙwace maka? Ai taimakonka ta yi." Dariya ta kufce wa mutane. Ta ce darakta ta yanke hukunci, wanda bai iya zama ƙarƙashin hukunci ba ya koma gida ya yi wasa da kwamfuta. Ta kuma ƙara da cewa in ana neman laifina na gaske, kofina kamar ruwan wanki yake, sanarwata kuma ba mai ji daga tebur na uku.

An kaɗa ƙuri'a, na tsira da ƙyar. Gordon ya ajiye shugabanci, mutum huɗu suka bi shi, baƙin hayin tsauni kuma ba na jin za su sake zuwa. Kulob ɗinka ya ragu, Yaya, a hannuna. Waɗanda suka rage sun yarda a koma zagaye takwas.

A wajen ajiye motoci na tarar da Lorraine tana jiran Faye. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce kada in ɗauka ta huce, kwana biyu ta yi tana kuka, likitan ido kuma ya riga ya gaya mata ba za ta ga kartar gasar baɗi ba. Na ce mata mayafinta yana wurina, an wanke. Ta ce ta san inda ta bar shi.

"Idona ne ya lalace, Irja, ba kaina ba. Ina zaune ina ta addu'a ki samo wata dabara. Da kika buga ƙararrawar nan na tsane ki, don na san da ni ce ke, da ban buga ba."

Faye ta iso, ta shiga mota suka tafi.

Ka ci abinci, don Allah. Ka gaida yaran.

Taka har kullum,
Irja

Afrilu, ranar Lahadi

Yayana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina kuma murna da jin ka fara takawa zuwa bakin titi da sanda. Kaisa ta ce har ka yi faɗa da mai koya maka tafiya, na ce to lallai sauƙi ya samu. Nan ƙanƙara ta fara narkewa, jirgin ruwan farko ya wuce jiya.

Asirin da muka rufe bai daɗe ba. Ambrose bai sake zuwa kulob ba tun ranar, ko da Talata ta zo ba ya tambaya. Wata safiya ya fita da silifas ya nufi tashar jiragen ruwa wai zai karɓi aiki, wani mai kai wasiƙu ya gane shi ya dawo da shi. Ɗan ya zo daga Milwaukee, kuma abin da Odile ke gudu ya faru. Yana gidan kula da tsofaffi na bakin tabki. Ta ce min aƙalla gari ya san shi a matsayin wanda ya ɓata a hanyar jirginsa, ba ta wata fuskar ba. Har yanzu nakan farka ina juya ranar nan a raina, ina neman hanyar da ban gani ba, ban kuma same ta ba.

Jiya Odile ta roƙe ni in raka ta wurinsa da karta, ko zai so. Na ce ai sai da mutum huɗu. Ta ce ta riga ta samo ta huɗun. Da na isa na tarar da Lorraine a zaune a ɗakin baƙi da wata karta mai manyan lambobi, tana yi wa ma'aikaciyar gidan faɗa a kan hasken fitila.

Aka kawo shi, an ɗaura masa ɗaurin wuya a karkace. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da ladabi, yadda ake gaida baƙi. Odile ta zauna a gabansa, ni da Lorraine muka zama abokan hamayya. Ina tsoron kada ya riƙe kartar ya rasa ta mece ce. Amma da na raba, yatsunsa suka jera ta da kansu. Ya yi tayin yawan cin da za su yi, Odile ta ƙara a kai, muka bar musu. Lorraine ba ta sassauta masa ko kaɗan ba, ta yi masa tarko da kartarta ta sarauniya yadda za ta yi wa kowa. Ya daɗe yana nazarin kartarsa, ba wanda ya dubi agogo. Sannan ya zaro ƙaramar karta ya bi ta bayan sarauniyar ya kama ta. Lorraine ta ce tsohon ɓarawo, ashe yana nan. Ya yi dariya har da buga tebur.

Hannu ɗaya muka buga, ya ce ya gaji. Ma'aikaciyar ta zo za ta tafi da shi, sai ya tsaya, ya dafa kujera, ya dubi Odile da kyau.

"Baiwar Allah, kin iya wasa," ya ce. "Maigidanki ya yi dace."

Na ga hannunta ya damƙe gefen tebur. Ta ɗago ta yi masa murmushi.

"Na gode, Kyaftin. Zan gaya masa."

Mun zauna mu uku bayan ya tafi, ba wadda ta tattara kartar. Can Lorraine ta laluba ta kama hannun Odile, ta ce Asabar mai zuwa ita za ta raba.

Ka kula min da kanka, Yaya. Ka gaida Kaisa da maigidanta, ka sumbaci yaran. Allah ya ƙara sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Irja Lahti